Sunan da Aka Raɗa wa Jinin Luba

Ƙanƙarar farko ta narke tun motarmu ba ta kai Dogon Dutsi ba. Ina kujerar baya, fulas ɗin shayi a kan cinyata, ina jin ruwa na kaɗawa a cikinsa duk inda taya ta faɗa rami. 'Yan kwalabe biyu ne a ciki, naɗe da auduga da leda, cike da jinin ƙanwata Luba, kuma Faris za ni da su. Shekarar 1985 ce, lokacin da soja suka rufe iyakarmu da Nijar, don haka ko Ƙonni da ke bakin ƙofarmu sai ta cikin gonaki na shige ta, a bayan babur ɗin wani ɗan fasa-ƙwauri wanda ya ɗauka turare nake ɓoyewa.

Gara in faɗi abin da ya kai ni ga wannan aiki, kada a ce taɓin hankali ne, ko da yake akwai waɗanda suka ce hakan.

Babanmu magatakardan kotun alƙali ne a Illela. Gidanmu na Toronkawa ne, masu ƙirga kakanni har Futa Toro, kuma mai riƙe da wannan ƙirga ita ce yayar Baba, wadda muke kira Goggo. In ta fara jero wane ɗan wane, sai tuwo ya huce ba ta kai ƙarshe ba. Inna kuwa 'yar manoman Lafani ce, kakarta baiwa ce da aka kawo daga kudu, ba wanda ya san sunan garinsu. Inna ta yi ta haihuwa. Yaro zai fara rarrafe, sai hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, ya yi ta kuka har Allah ya karɓi abinsa. Mu biyu muka tsaya: ni lafiya lau, Luba da ciwon. Mutanen unguwa suka ce wabi ne, yaro guda ne ke tafiya yana dawowa, har aka huda mini kunne, Inna na kirana Ajuji maimakon Buhari ko mutuwa za ta raina ni ta wuce. Goggo ta ce babu wani wabi, jinin bayi ne ya shigo gida yana cin 'ya'yan ɗan'uwanta. Ta faɗa da safe, ta faɗa da yamma, har Baba ya saki Inna ina firamare. Ta koma Lafani, mu aka riƙe mu a gida.

Da na girma na zama ma'aikacin ɗakin awon jini a wani asibiti a Sakkwato, a nan na san sunan abin: amosanin jini. Na kuma san yaro ba ya yinsa sai ya gada daga uwa da uba duka biyu. Na zo da ɗokina na gaya wa Goggo, ta dube ni sheƙeƙe ta ce a zuri'arsu ba a taɓa yi ba, in nuna mata inda aka rubuta sunan Futa a jikin ciwon. Maganar ta tsaya mini a rai shekara da shekaru. Sai ga wani likita Bafaranshe da ke aiki a tsallaken iyaka, wanda nake yi wa tafinta wani lokaci saboda Faransancin kasuwa da na tashi da shi, ya ba ni labarin wani ɗakin bincike a Faris inda ake rarraba ciwon nan gida-gida, kowane gida da sunansa. Ya ce ɗaya ana ce masa irin Senegal. Sai da na miƙe tsaye. Futa Toro ai a Senegal take. Na ce a raina, Luba ta gaji biyu, ɗaya na Inna, ɗaya na Baba. In na Baba ya fito da sunan Senegal, to Goggo ta sami rubutun da ta nema, Inna kuma ta wanku. Likitan ya samo mini gurbin koyon aiki na wata tara da tikitin jirgi daga Yamai. Ranar da na ɗebi jinin, Luba ta kawar da kai daga allurar tana dariya.

"Kai dai ka iya biɗar wahala," in ji ta. "To tahi. Jinina ya riga ni shiga jirgi."

A shingen jandarma na Dogon Dutsi aka sauke mu duka. Wani dogo mai jan ido ya nuna fulas ɗin ya ce in buɗe. Ya sa yatsa cikin ruwan ya zaro kwalba ɗaya, ya ɗaga ta saitin rana, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ni jinin wa, na ce na ƙanwata ne, wurin likita zan kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ita mai jinin, tana da rai?" Na ce tana nan da ranta, da safen nan ma na bar ta tana shan kunu. Wata tsohuwa cikin fasinja ta sa baki ta ce ya bar yaron mutane, mai mugun nufi ba ya rungumar abu haka. Ya mayar da kwalbar da yatsa biyu, ya goge hannu a wando. Da muka koma mota kowa ya ja jikinsa daga gare ni, sai ga ni da fili har ina miƙe ƙafa, abin da ban taɓa samu a motar haya ba. Amma tambayar mutumin nan ta shiga motar tare da ni.

A Doso na sauka neman ƙanƙara kamar mai neman maganin maciji. Wani mutum mai fara'a a tasha ya ce in jira shi, ya dawo da ƙunshi cikin tsumman buhu, ya sha dusar katako, ruwa na ɗiga, da sanyi a hannu. Ya ce kada in kwance sai na shiga mota, iska ke cinye ta. Na yi masa godiya har da addu'ar iyaye. Bayan mun fita gari na kwance, na sami rabin bulo da aka jiƙa, da 'yar ƙanƙara a kansa wadda ba ta fi sabulun wanka ba. Ni da nake taƙama ɗan iyaka ne, na tashi cikin 'yan kamasho, aka sayar mini da bulo. Na fasa 'yar ƙanƙarar da haƙori na zuba a fulas, bulon kuwa na riƙe shi har Yamai don kunyar a ga na jefar.

Yamai ta karɓe ni da zafi. Kusa da babbar kasuwa na ga wata Bazabarma tana sayar da zoɓo ƙulle a leda, daskararre. Hausarta kaɗan ce, Zabarmancina babu, sai na buɗe fulas na nuna mata. Ba ta ja da baya ba. Ta leƙa, ta tambaya da hannu ko yaro ne, na nuna mata tsayin Luba. Ta zubar da ruwan, ta jera ƙullin zoɓo a kewayen kwalaben da kyau, ta rufe da kanta. Na miƙa mata sefa ta ture hannuna. Washegari da zan wuce filin jirgi ta sake mini sabo. Haka jinin Luba ya shiga jirgi, a tsakiyar zoɓo, kuma na san da Luba ta gani da ta yi dariya har ciwon ƙirji ya tashi.

A Faris ba wanda ya ko dubi fulas ɗin. Takarduna suka yi ta juyawa, suka dubi hudar kunnena, suka buga hatimi. Masaukina wani dogon gida ne na leburori baƙaƙe a gefen birni, mutanen Mali da Senegal galibinsu, gadaje a kan gadaje, ko'ina warin jiƙaƙƙen takalmi da miyar gyaɗa. Na yi ta kallon 'yan Futa da ke ciki ina neman hancin Baba a fuskarsu. Da na gaya wa ɗayansu cewa kakannina daga can suka fito, sai ya yi mini Fulatanci, na kasa mayarwa, ya dafa kafaɗata ya ba ni shinkafa.

Shugabar ɗakin binciken wata mace ce siririya mai furfura, Madam Odil, mai tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Ta karɓi fulas ɗin, ta ga zoɓo, ta tambayi mene ne, na ce abin sha ne. Ta ce jinin bai lalace ba, abin da suke nema a cikinsa ba ya saurin mutuwa, ko da ƙanƙarar ta ƙare a hanya da ba a yi asara ba. Na tuna bulona. Ta manna wa kwalaben lamba, ta sa su a wani babban firji mai daskarar da komai, ta ce sai layi ya zo kansu, akwai jinin mutane da yawa a gaba.

A nan abin ya fara damuna. Luba ba ta da abokin gaba kamar sanyi. Shi ke tayar mata da ciwo. Tun daga farkon sanyi har ƙarshensa tana gindin murhu, da safa biyu da zanen Goggo a ka, ko alwala sai da ruwan ɗumi. Ga shi ni da hannuna na kawo ta inda in ka buɗe ƙofa hayaƙin sanyi ke fitowa. Na san jini ne kawai, ni ma'aikacin asibiti ne, na zubar da irinsa ba iyaka. Duk da haka kullum da safe in na shigo, sai na ɗan ƙwanƙwasa ƙofar firjin in ce, "Luba, kwal lahiya, yi haƙuri." Da wasa na fara, daga baya in ban yi ba sai in ji ranar ba ta tafiya daidai.

Wanda aka haɗa ni da shi ya koya mini aiki wani dattijo ne mutumin Aljeriya, Si Ammar, fari mai gashin baki, ba ya son surutu. Shi ya nuna mini alƙibla a ɗakin ajiya, shi ya ba ni safar hannu da ya ga yatsuna sun tsage, ranar Litinin kuma yakan zo da abinci a kwano biyu ya ce matarsa ce ba ta iya awo ba. A wurinsa na ga yadda ake yi. Cikin jini ake fitar da wani farin zare mai yauƙi, a jikinsa gadon mutum yake. Sai a zuba masa wasu magunguna masu yanka shi, kowanne da irin wurin da yake yankawa. A wani mutum maganin ya sami wurin ya yanka, a wani ya wuce bai samu ba. A tura guntayen cikin wani abu mai kama da kamu da ya daskare, a bi su da lantarki, ƙanana su yi nisa, manya su tsaya kusa, daga ƙarshe a ɗauki hotonsu a kan baƙar leda irin ta hoton ƙashi. Abin da za ka gani 'yan layuka ne baƙaƙe, wani sama wani ƙasa. Madam Odil ta ce ciwon kansa iri ɗaya ne a ko'ina, abin da ke kewaye da shi a jikin zaren ne ya bambanta, kuma shi ake gada tare da ciwon tun kaka da kakanni. Na ce ashe tsaga ce. Yadda za ka dubi kumatun mutum a kasuwar Illela ka ce wannan Bagobiri ne, haka suke duban layukan nan su ce wannan irin Senegal ne, wannan irin Benin, wannan irin Bantu, ga kuma wani na wajen Larabawa da Indiya. Ta ce to, kusan haka, amma in yi hankali da kwatancen. Ban yi hankali ba. Wanda ya zo da amsarsa a aljihu ba ya sauraron sharaɗi.

Kewar gida ta kama ni ta inda ban zata ba. Ba tuwo ba, ba fura ba. Gaisuwa na rasa. Ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da mutum ɗari, gwiwarka na taɓa ta wani, ba mai ce maka ina gajiya. Rana ta fito a makare ta koma da wuri, wani lokaci ma sai dai a ce maka ta fito. Ran Juma'a kawai nake jin ni mutum ne, a wani masallaci da ke ƙarƙashin wani shago, inda akan ci karo da 'yan Nijar masu zuwa sayen tsofaffin motoci.

A nan, wata Juma'a a tsakiyar sanyi, na ga Alhaji Ila na Ƙonni, wanda ke da rumfa kusa da ta ƙanen Inna. Na yi murna har na taka ƙafar wani. Bayan sallama na nufe shi, ya kama hannuna da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

"Ya haƙuri, Buhari? Allah shi jiƙan Luba, shi sa ta huta."

Ya ɗauka na sani. Da ya ga fuskata sai ya riƙe ni, ya zaunar da ni a kan tabarma. Ya ce tun farkon sanyi ne, ciwon ƙirji ya kama ta, ba ta daɗe ba. Baba ya hana a aiko mini, wai kada in bar karatu. Na yi lissafi a zaune a wurin, na ga makonni nawa na yi ina ƙwanƙwasa ƙofar firji ina gaida wadda ke cikin ƙasa. Sai fuskar jandarman nan ta dawo mini, yana ɗage da kwalba saitin rana. Ban yi kuka a masallacin ba. A tashar jirgi na yi shi, a tsaye, mutane na ratsa ni suna wucewa.

Ran Litinin na tsaya gaban firjin na kasa ɗaga hannu. Injinsa na gurnani yadda ya saba, amma ni sai nake jin kamar haƙora ne ke kaɗawa. Duk duniya, abin da ya rage na Luba wanda ƙasa ba ta rufe ba yana cikin akwatin nan. Na gaya wa Si Ammar. Ya je ya yi magana da Madam Odil, a ranar aka fito da kwalba ɗaya aka tsallake layi da ita. Ni na fitar da zaren da hannuna. Da ya taru fari a bakin 'yar sandar gilas, sai da na ajiye na fita waje na sha iska.

Aikin ya ci makonni. Ranar da hoton ya fito, Madam Odil ta ɗora shi a kan fitila, ta bi layukan da bayan biro, ta ce wannan mai sauƙi ne, duka biyun iri ɗaya ne. Benin da Benin.

Na ce ta sake dubawa. Na ce babanmu Batoranke ne, daga Futa, ɗaya dole ya zama Senegal. Ta cire tabarau ta dube ni, ina jin a lokacin ta fara gane abin da ya ɗauko ni daga Illela da fulas. Ta ce ɗaya daga uwa ne, ɗaya daga uba, wannan babu shakka a cikinsa. Amma sunan ba sunan kakan kowa ba ne. Da suka fara tattara jini, a wannan yankin suka tarar da wannan iri ya fi yawa, sai suka laƙaba masa sunan wurin don su sami abin kiransa. Abin ya girmi duk wani kakan da ake iya ƙirgawa, ya girmi garuruwan da kansu, ya bi fatake da mayaƙa da aure ya bazu.

"Da garinku muka fara zuwa," in ji ta, "da wataƙila Sakkwato muka sa masa."

Na ce mata Goggona ba za ta ji wannan ba. Ta ce ba ta san Goggona ba. Gaskiyarta.

Da ta fita, Si Ammar ya jawo wani hoto daga aljihun tebur ya ɗora kusa da na Luba. Layukan suka zauna daidai da juna. Ya ce na ɗansa ne, wanda ya rasu yana shekara goma sha ɗaya. Shi da matarsa mutanen duwatsun Aljeriya ne, ba wanda ya taɓa jin wani nasu ya je Benin, amma sunan da aka ba su ke nan, haka ma wasu Turawa a kudancin Italiya da Girka. Ya ce ranar da aka gaya masa shi ma ya yi mako bai yi wa kowa magana ba. Na dubi farin dattijon nan da gashin bakinsa, na dubi hotunan biyu, na rasa abin da zan ji. Na zo neman dangin Baba, na tarar da dangin Luba.

Saura kwalba ɗaya. A ƙa'idar wurin, abin da ya rage in an gama ƙona shi ake yi. Ni kuwa ban yarda a ƙona ta ba. Mu ko jinin ƙaho aka yi wa mutum, rami ake tonawa a rufe, balle wannan. Na roƙi Madam Odil, ta ce ita ba ta ga an fitar da komai ba, ta juya ta ci gaba da aikinta. Ran Lahadi da hantsi Si Ammar ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa zuwa wata maƙabarta a bayan gari, ɓangaren Musulmi, inda ɗansa yake. Ƙasa ta daskare, da 'yar shebur ɗin shukar furen matarsa muka yi ta sara a wajen ƙafar kabarin. Da ramin ya yi, na fito da kwalbar daga aljihu, har yanzu jinin a daskare. Na kasa sa ta haka. Na dunƙule ta a tafin hannuna, na sa cikin riga, muka tsaya muna jira. Si Ammar bai tambaye ni me nake jira ba. Sai da na ji ta yi ɗumi, na karkata ta na ga jinin ya motsa, sannan na naɗe ta da farin hankici na kwantar, muka rufe, muka yi addu'a. A hanyar dawowa ya ce yanzu in ya zo ziyara mutum biyu zai riƙa gaisarwa.

Na ƙarasa watannina kamar mai cin magani. Da damina ta 1986 na dawo, an buɗe iyaka, na shigo Illela ta kan titi da rana tsaka kamar mutumin kirki. Bayan an gama gaisuwa da ta'aziyya, Baba ya ce in faɗi abin da na gano, Goggo na zaune a gefe da carbinta. Na yi bayani dalla-dalla. Na fara da cewa ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, na maimaita, sannan na zo kan suna, na yi ta kewaye-kewaye da zancen Aljeriya da Italiya. Goggo ta bar ni na gama.

"Benin kac ce? Ba can kudu ta ba?" Ta dubi Baba. "Har sau biyu. To mi nic ce maku tun hwarko?"

Na sake bayani. Ta ce ita ba ta yi boko ba amma ta san gabas ta san kudu, kuma Nasara da kansu ba su ga Futa a ciki ba. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa a yadda ta faɗe ta. Baba ya gane, na ga ya gane, don ya daɗe yana kallon bayan hannunsa. Amma sai ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Washegari na hau keke na tafi Lafani. Ina so Inna ta ji daga bakina kafin ta ji daga bakin 'yan kasuwa. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar wake, ta rame, ta yi furfurar da ban bar ta da ita ba. Muka yi gaisuwa, muka yi kukan Luba, ta kawo mini ruwa. Tsakanina da ita ba mu taɓa yin zancen jinin nan ba, kunya ba ta bari. Ni dai na ɗauka duk shekarun nan tana ɗauke da maganar Goggo a ka, kuma na zo in sauke mata rabi. Na ce, Inna, an duba, ba ke kaɗai ba ce. Ciwon sai an haɗu, rabi naki, rabi na Baba.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar.

"Rabi nawa," in ji ta.

Na ce i, amma rabi na Baba ne, shi ne abin da nake so kowa ya sani.

"Ajuji, ni ban taɓa yarda da maganar Goggonku ba. Ko rana guda. Cewa nikai baƙin jini na dai takai mani. Allah ya ba ni ɗiya, Allah ya amshi abinai, da wanga nika kwana, da shi nika tashi." Ta dubi waken. "Ashe ni nib ba su."

Na buɗe baki in ce ba laifin kowa ba ne, ba wanda ya zaɓa, duk abin da ake faɗa wa iyaye a asibiti. Na faɗa ɗin ma. Ta saurara har ƙarshe yadda ake sauraron baƙo. Ban taɓa jin na tsani ilimina ba sai a wannan inuwa. Sai ta ɗago ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta tambaya ko ni ma ina da shi. Na ce guda ɗaya gare ni, shi ya sa ba ya kwantar da ni.

"Wanda ag gare ka, nawa na ko na babanka?"

Na ce ba a iya ganewa daga sunan, nata da nasa suna ɗaya aka raɗa musu. Wata kaza ta zo ta tsinci wake a gabanta ba ta kore ta ba.

"To ka ce mani nashi na."

Na ce mata nashi ne. Ta gyaɗa kai, ta jawo ƙwaryar, ta ci gaba da ɓara.